Yadda Ake Sauya wa Tayoyin A-kori-kura Mazauni

Tayoyi huɗun da ke ƙarƙashin a-kori-kura ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka ba tare suke cinyewa ba. Na gaba su ke ɗauke da nauyin inji, su ke murzuwa a kan kwalta duk sanda aka karya sitiyari, kuma kansu nauyin mota ke komawa in an taka birki. Shi ya sa gefe-gefensu ke saurin sudewa. Na baya kuwa, a mota irin Toyota Hilux, su ke tura motar: yau suna ƙarƙashin buhunan masara ko siminti, gobe suna tsalle a kan gargada, bodi wayam. A hanyoyinmu da ake tuƙi ta hannun dama, tayoyin dama ne kuma ke yawan faɗawa ɓalgataccen bakin kwalta in an kauce wa babbar mota. Wanda ya bar kowace inda take zai wayi gari biyu sun mutu, biyu da sauran ransu. Maganin shi ne a riƙa sauya musu wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, tun kafin ido ya fara ganin bambanci. In ka jira sai taya ta sude, ka makara.

Kayan aikin ba su da yawa: jak, sifanar taya, waigi biyu, guntun katako mai kauri, alli, da ma'aunin iska. Nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. In ƙasar rairayi ce ko laka, ɗora jak a kan katakon. Kashe mota, sa ta a giya ɗaya (ko P in otomatik ce), ja birkin hannu, sannan ka tokare tayar da ke kusurwar da ke kallon wadda za ka ɗaga, gaba da baya. Kada ka raina waigi. Birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, da zarar ka ɗaga baya kuwa ka rage masa ƙarfi.

Kafin ka taɓa noti, zagaya ka dubi gefen kowace taya. In ka ga kibiya da ke nuna ɓangaren da za ta riƙa juyawa, irin wannan ba ta tsallaka hannu: ta hagu ta zauna a hagu, ta dama a dama, gaba da baya kawai za ka musanya. In babu kibiya, tsarin da aka fi bi ga motar da ke ja da tayoyin baya ko da ƙafa huɗu shi ne: na baya su miƙe kai tsaye zuwa gaba, na gaba su tsallaka zuwa baya a ɗaya hannun. Idan littafin motarka ya zana wani tsari dabam, bi nasa. Rubuta wa kowace da alli inda ta fito, domin bayan ɗagawa biyu mutum kan rikice.

Da jak ɗaya ma aikin yana yiwuwa, in aka sa safaya ta riƙe wuri. Sauko da ita daga ƙarƙashin bodi da sandar da ke juya sarƙarta. Fara da baya ta hagu: cire ta, sa safaya a gurbinta. Kai wadda ka cire gaba ta hagu. Wadda ta fito daga nan ta tafi baya ta dama, ta baya ta dama ta koma gaba ta dama, ta gaba ta dama kuma ta zo baya ta hagu ta karɓi safaya. Ɗagawa biyar ke nan. Idan safayar girmanta da zanenta da wilinta ɗaya ne da sauran, ni na fi son a shigar da ita cikin zagayen: ta shiga baya ta dama, a bi layin har ta gaba ta hagu ta fito ta zama sabuwar safaya. Ɗagawa huɗu ya ishe ka, kuma taya ba za ta tsufa a rataye ba tare da ta taɓa ƙasa ba.

A kowace ƙafa, sassauta notunan tun motar tana ƙasa, rabin juyi kawai. Hilux mai ja da ƙafa huɗu noti shida gare ta a kowane wili. Sannan sa jak inda ƙarfe yake da ƙwari: a gaba ƙarƙashin shasi, a baya ƙarƙashin aksil kusa da sifirin. Kada ya taɓa bodi ko matakala. Ɗaga har taya ta rabu da ƙasa da kamar yatsu biyu, ƙarasa kwancewa, ka zuba notunan cikin roba don kada su sha ƙasa. Tayar da ka cire, tura ta a kwance ƙarƙashin shasi har ka shirya ta gaba. Jak na iya zamewa, don haka hannu ko ƙafa ko kai kada ya shiga ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita.

Wurin da ya kamata a daɗe shi ne nan, lokacin da taya take a gabanka. Mirgina ta a hankali kana shafa zanen da tafin hannu. In gefe biyu sun fi tsakiya cinyewa, iska ta daɗe tana mata kaɗan. In tsakiyar ce ta sude, an cika mata iska. In gefe ɗaya ne ya lashe, saitin ƙafafun motar ya goce, kuma sauya wuri ba zai gyara shi ba, sai dai ya lalata wadda za ta zo. A kai mota a saita. Tudu da kwari a zagaye kuwa yawanci shok ne ya gaji. Leƙa cikin ramukan zanen, za ka ga 'yan ƙananan tudu na roba. Zane in ya yi daidai da su, saura milimita 1.6, tayar ta gama. Ƙwaƙule tsakuwa, nemi ƙusa, dubi gefen ciki da ba a gani in taya tana jikin mota. Kumburi ko tsagewa a gefe ba na mai faci ba ne. Irin wannan ba ta komawa ko'ina. Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT da ke rubuce a gefen tayar: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Mai sayen tayoyin gwanjo ya fi kowa bukatar wannan, don zane kan yi kyau alhali robar ta bushe.

Wajen mayarwa, goge tsatsa da laka daga fuskar da wili ke zama, in ba haka ba zai zauna a karkace. Kada ka shafa giris ko baƙin mai a kan zaren. Sa kowane noti da hannu tukuna. Wanda ya cije tun farko, kwance shi ka sake, kada ka tilasta. Ɗaura su a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba. Sauke mota, sannan ka yi ɗaurin ƙarshe, shi ma a tsallake. Abin da ke damuna a gareji da yawa shi ne a zura wa sifana dogon bututu, yaro ya hau yana tsalle. Wannan na miƙar da ƙarfen har ya karye, kuma ranar da taya ta fashe a daji ba mai iya kwance ta. Littafin mota ya faɗi ƙarfin ɗaurin, kuma akwai sifana mai awo da ke yin ƙara in an kai.

Saura iska. A-kori-kura gaba da baya kan bambanta, musamman da lodi, don haka tayar da ta sauya wuri sai an sake mata awo. Adadin yana kan takardar da ke manne a ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Haɗa da safaya kafin ka rataye ta, ka ja sarƙar har ta daina motsi. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, sake bin notunan da sifana, don wili kan ƙara zama. Sannan rubuta abin da agogon kilomita ya nuna a 'yar takarda, ka ajiye tare da takardun mota.