Yadda Ake Ɗinka Littafi da Hannu

A ajin da muke yi duk Asabar da hantsi a zauren wani maƙwabcinmu, babbar ɗalibarmu ta haura shekara sittin, ƙaraminmu kuwa bai cika takwas ba. Tabarma ɗaya suke zama, kuma duk wanda ya zo, ranar farko da littafinsa yake komawa gida. Wannan littafin na ranar farko zan nuna yadda ake yinsa.

Ka tanadi farar takarda A4 guda huɗu, da kwali mai laushi don bango (na kalandar bara ma ya wadatar), da zare mai ƙarfi irin na masu gyaran takalmi, da allura mai faɗin kafa, da basilla, da rula ta ƙarfe, da reza, da cokali, da ɗan kakin zuma. In babu kaki, guntun kyandir zai yi.

Kafin ka ninke komai, ka san takardarka. Nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe, shi ya sa nake daɗewa a kai. Takardar masana'anta tana da kwanciya, domin lokacin yinta zaruruwanta sukan miƙe su bi fuska ɗaya. Ɗauki guda, ka lanƙwasa ta a hankali ta tsawo ba tare da ka karya ta ba, sannan ka lanƙwasa ta faɗi. Za ka ji ta fi bin hannunka ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma tana turjiya. Dole ninkin littafi ya bi kwanciyar nan. Idan ya gitta ta, littafin ba zai rufu da kyau ba, shafukan su riƙa miƙewa, da damina kuma su yi ta cukurkuɗewa.

Galibin A4 da ake sayarwa kwanciyarta ta tsawo take bi. Ke nan in ka ninke ta biyu kai tsaye, ka gitta. Sai ka fara yanka kowace gida biyu a tsakiya, ka sami takwas, sannan ka ninke kowace biyu. Yanzu ninkin ya daidaita, kuma za ka tashi da ɗan littafin aljihu mai shafi 32, tsawonsa kusan santimita 15.

Ninkin aikin yara ne, sun ma fi manya nutsuwa a kansa. A haɗa kusurwa da kusurwa, a danne tsakiya da yatsa, a goge da bayan cokali daga tsakiya zuwa sama, daga tsakiya zuwa ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya ake ninkewa, ba a dunƙule ba. Sai a cusa su cikin juna, a yanko kwalin bango ya ɗara takardun da kaɗan, a ninke shi, a rungume su da shi.

Sai huda. Yanko siririyar takarda daidai tsawon littafin, ka ninke ta biyu ka sami tsakiya, ka sa alama, ka ƙara alama biyu, kowace santimita 2 daga baki. Buɗe littafin a kan tsohon kwali, ka kwantar da ma'aunin nan cikin ninki, ka soka basilla a wurare ukun, ta fita daidai kan ƙashin baya. Yaro ya riƙe, babba ya huda. Ba na barin basilla ko reza a hannun ɗan ƙasa da shekara goma, komai magiyarsa.

Yanke zare ninki uku na tsawon littafin, wato kamar santimita 45, ka ja shi cikin kaki sau biyu ko uku don kada ya harɗe. Kada ka ƙulla bakinsa. Daga ciki za ka fara: shiga ramin tsakiya ka fita waje, ka bar wutsiya kamar tsawon yatsa a ciki. Daga waje shigo ta ramin sama. Daga nan ka tsallake na tsakiya, ka gangara har ramin ƙasa ka fita. Sannan ka sake shigowa ta tsakiya. A nan ka lura: dogon zaren da ya gangaro daga sama zuwa ƙasa ya kasance tsakanin bakunan zaren biyu, ɗaya ta damansa, ɗaya ta hagunsa. Ka kula kada allura ta tsaga zaren da ke ramin. Ja a hankali, ta tsawon ninkin, don in ka fizga sama takarda za ta yage. Ƙulla sau biyu a kan dogon zaren, ka datse.

In ka rufe za ka ga shafukan tsakiya sun leƙo waje. Haka kowane yake yi. Ɗora rula, ka danne sosai, ka riƙa jan reza sannu-sannu, sau goma ko fiye. Mai son yankewa a ja ɗaya shi ke lalata aikinsa a ƙarshe. Sai ka sa littafin ƙarƙashin abu mai nauyi ya kwana.

A mako na biyu muke yi wa bangon sabon littafi riga, domin kafin ɗinki ake yinta. Ƙyallen atamfa daga wurin tela ya isa. Gam ɗin ma a gida ake dafawa: cokali ɗaya na fulawa, biyar na ruwa, a dama, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kaurin koko, a sauke ya huce, a tace. Kwalin ake shafa wa, ba ƙyallen ba, kuma shafawa kaɗan, don kada ya ɓullo ta fuska. A lanƙwaso bakunan ciki, a liƙa farar takarda a kansu, ita ce ke hana bangon bauɗewa. Da hunturu ka yi sauri, gam na bushewa kana kallo. Da damina ka ba shi kwana biyu a danne. A dafa na yini ɗaya kawai, domin yana tsami.

Wata Asabar, bayan ta ƙware, dattijuwar ajinmu ta zo da gafaka a ƙarƙashin mayafi. Ta zaro littafin marigayi maigidanta, rubutun hannu, takardun sun yi ja, bakunansu sun ƙoƙe.

"Malam, wannan nake so mu ɗinke, kada jikoki su watsar."

Na ce, "Hajiya, wannan ba a sa masa allura."

Malamanmu na da ba sa ɗinke littafi. Warwara suke barinsa, a sa tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka. Don kada shafuka su rikice, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa a ƙasan wadda ya gama. Na nuna mata kalmomin a kusurwa, ta bi da yatsa, ta ce shekara nawa tana ganinsu ba ta san amfaninsu ba. Muka ɗaga takarda ɗaya ga hasken ƙofa, sai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta, alamar takardar da a da ake kawowa daga Italiya. Irin waɗannan littattafai ake adanawa a wurare kamar Gidan Arewa da ke Kaduna. Huda su ɓarna ce, salatif kuwa ya fi huda muni, domin gam ɗinsa yana shiga takarda ya bar tabon da ba ya fita.

Muka bi kalmomin kusurwa muka jera takardun, jikarta na miƙo mata ɗaya-ɗaya. Muka yanko kwali biyu masu kauri, kowanne ya ɗara takardun da rabin santimita, muka yi musu riga da farin yadi, muka bar su suka bushe sarai har mako ya zagayo. Sannan ta sa littafin a tsakani, ta naɗa igiya, ta mayar cikin gafakarsa.