Wa Ya Kamata Ya Shiga Neman Kofi?

Idan kaka ta yi, aka girbe masara da dawa, aka tsince auduga, sai fili ya samu a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa. A lokacin nan ne wasan ƙwallo yakan yi armashi a makarantu. Da la'asar sakaliya sai ka ga yara sun kafa sanduna biyu nan, biyu can, suna ta guje-guje, ƙura tana tashi. Kakanninmu tamaula suke ce wa wannan wasa, sau da yawa ma da tsumma suke ɗaura tasu.

Buga ƙwallo kam kowane yaro ya iya. Amma akwai wani abu a cikin sha'anin wasa wanda yake ba manya wahala, har yakan raba aboki da aboki. Shi ne zaɓen ƙungiyoyin da za su shiga zagayen ƙarshe na neman kofi. Shi za mu duba a wannan darasi. Kowa ya jawo takarda da fensir kusa, gama akwai ɗan lissafi a ciki.

Mu ƙaddara an sa kofi domin makarantun firamare na waɗannan ƙananan hukumomi uku. Mu ce makarantu goma sha biyar suka ba da suna: shida daga Ƙanƙara, biyar daga Faskari, huɗu daga Sabuwa. Yaya za a yi a san wadda ta fi?

Hanya mafi adalci ita ce kowa ya kara da kowa. A ba wanda ya ci maki uku, waɗanda suka yi kunnen doki maki ɗaya ɗaya, wanda aka ci kuwa ya tashi hannu banza. A ƙarshe a tara, mai maki da yawa ya ɗauki kofi. To, amma ku lissafa. Kowace makaranta za ta yi wasa 14. Sha biyar sau sha huɗu 210 ke nan. Da yake kowane wasa na makaranta biyu ne, sai a raba biyu, ya zama wasa 105. Ku tuna fa da nisan da ke tsakanin Ƙetare da Damari, ko tsakanin 'Yargoje da Mairuwa. Wa zai biya kuɗin mota? Yaushe kuma za a yi karatu? Kafin a gama, damina ta sauka, an koma gona.

Akwai wata hanya mai sauri, wadda ake kira sili ɗaya ƙwale. Watau da an ci ka sau ɗaya, ka fita ke nan, sai baɗi. Da wasa 14 kacal za a gama da makarantu goma sha biyar, domin kowane wasa yana fitar da ɗaya, har saura guda. Haka ake neman tsohon kofin nan na Nijeriya, wanda aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna. 'Yan wasan Kano sun ci shi a 1953, Kano Pillars kuma ta ɗauke shi a 2019 a Kaduna, bayan ta rinjayi Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wannan hanya tana da daɗin kallo ƙwarai. Aibinta shi ne, ƙuri'a tana iya haɗa gwanaye biyu tun ranar farko, ɗaya ya fita, wani rago kuma ya lallaɓa har ƙarshe. Ko kuwa ranar wasa gola ya tashi da zazzaɓi, aikin shekara ya zube.

Saboda haka sai masu shirya wasa sukan gama hanyoyin nan biyu. Makarantun kowace ƙaramar hukuma su kara da juna a gida tukuna. Shidan Ƙanƙara wasa 15 za su yi, biyar ɗin Faskari wasa 10, huɗun Sabuwa wasa 6. Duka 31 ke nan, ba kuma tafiya mai nisa. Sa'an nan a fitar da ƙungiyoyi huɗu, biyu su kara da biyu, waɗanda suka ci su haɗu ranar ƙarshe. Gasar manyan kulob ta Nijeriya ma ta bi irin wannan tsari a 2019 da 2023. An raba su rukuni biyu, uku na sama daga kowane rukuni suka taru a Legas. A 2019 Enyimba ta Aba ta zo ta ɗaya, Kano Pillars ta bi mata.

A nan fa gizo ke saƙa. Kujera huɗu ce, ƙananan hukumomi kuwa uku.

Kujera uku ba gardama a kansu. Zakaran Ƙanƙara, da na Faskari, da na Sabuwa, kowa ya zauna a tasa. Wani zai ce, ai Ƙanƙara ta fi Sabuwa yawan jama'a da yawan makarantu, ta ukun Ƙanƙara ma tana iya cin zakaran Sabuwa. Mai yiwuwa haka ne. Amma in aka hana wani yanki kujerarsa, yaran can ba za su ƙara fitowa fili da zuciya ɗaya ba, tun da sun san kome suka ci ba inda za su. Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. A kokawarsu ta neman takobi, wadda aka fara a 1975, jihohi takwas kowace takan kawo 'yan kokawa goma, da mai jama'a da yawa da mai kaɗan. Don haka ne ƙasar duka take kasa kunne in an shiga fage, kowa da nasa.

Rigima tana kan kujera ta huɗu. Ga waɗanda suka zo na biyu su uku, kowa yana cewa shi ya cancanta. Mu ce ta biyun Ƙanƙara ta yi wasa biyar, ta ci uku, ta yi kunnen doki ɗaya, aka ci ta ɗaya. Makinta 10. Ta biyun Faskari ta yi wasa huɗu, ta ci biyu, kunnen doki ɗaya, aka ci ta ɗaya. Makinta 7. Ta biyun Sabuwa ta yi wasa uku, ta ci biyu, ta yi kunnen doki da zakaransu, ba wanda ya ci ta, yawan ƙwallaye kaɗai ya sa ta zo ta biyu. Ita ma makinta 7.

In aka dubi jimla, Ƙanƙara ce gaba. Amma adalci ne a gwada wanda ya yi wasa biyar da wanda ya yi uku? Kamar a ce manomi mai gona biyar ya fi mai gona uku ƙwazo don damman da ya samu sun fi yawa. Abin da ya kamata shi ne a raba maki da yawan wasa. Goma a raba biyar, biyu. Bakwai a raba huɗu, ɗaya da uku bisa huɗu. Bakwai a raba uku, biyu da sulusi. Kun gani, yanzu Sabuwa ta hau sama, Ƙanƙara ta koma ta biyu. Lissafi ɗaya ya ba wannan, wani lissafi ya ba wancan.

Kada ku ɗauka wannan tatsuniya ce ta aji. Ya faru da manya. A 2020 annobar korona ta tsai da gasar Nijeriya ba a gama ba. Plateau United ta Jos ce a sama, ba wanda ya yi musu. Rivers United tana da maki 45 a wasa 25. Enyimba tana da maki 36 a wasa 20, domin ta sha tafiye-tafiye zuwa wasannin Afirka, ta bar wasu a baya. Ku raba da kanku ku gani: kowace ta tashi da ɗaya da huɗu bisa biyar, daidai wa daida. Aka ba Enyimba ta biyu, ta tafi babbar gasar Afirka. Mutanen Fatakwal suka yi ta ƙorafi. A ƙasarmu nan ma irin wannan yana iya samun makarantu, musamman a shekarun nan da rashin zaman lafiya ya sha hana bin wasu hanyoyi, har wata makaranta ta kasa zuwa wasanta ba da laifinta ba.

To, in maki ya zo ɗaya fa? Akan dubi wanda ya ci wani ranar da suka haɗu, ko a ɗebe ƙwallayen da aka zura wa ƙungiya daga waɗanda ta zura, a ga mai saura da yawa. Wani lokaci duk wannan ya zo daidai. A gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, Sanagal da Jafan sun yi ɗaya a maki, ɗaya a ƙwallaye, wasansu kuma biyu da biyu aka tashi. Sai aka ƙirga katin gargaɗi. Sanagal tana da shida, Jafan huɗu. Jafan ta wuce, Sanagal ta koma gida. Yaron da ke son sa wa abokin wasa ƙafa, ko yi wa alƙalin wasa tsiwa, ya riƙe wannan labari. A gasar kofin Afirka ta 2015 kuwa, Mali da Gini sun yi daidai a kome, har sai da aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Gini. Ƙuri'a ba ta san gwani ba, amma dai ba a ce ta yi son kai.

Akwai masu cewa a bar lissafi, a zaɓi dattawa masu ido, su zauna su duba wadda ta fi iya wasa. A Amurka haka ake yi. Suna da wani irin ƙwallo mai kama da ƙwai, wanda ake runguma a yi gudu da shi, jami'o'insu kuma suna gasa a kai. Manyan ƙungiyoyin jami'o'in sun wuce 130, kowace kuwa wasa goma sha biyu ko kusa da haka take yi a shekara, don haka yawancinsu ba su taɓa haɗuwa. Daga 2014 sai aka naɗa kwamiti na mutum goma sha uku, su zaɓi huɗu da za su nemi kofi. A watan Disamba na 2023, jami'ar Florida State ta ci wasanninta goma sha uku duka, ita ce kuma zakaran rukuninta. Amma babban ɗan wasanta ya karye a ƙafa. Kwamiti ya ce in ba shi ƙarfinta ya ragu, aka bar ta, aka ɗauki Alabama wadda aka ci sau ɗaya. Ƙasar ta ɗauki surutu. Daga 2024 aka mai da kujerun goma sha biyu, aka keɓe biyar domin zakarun rukunoni.

Dattawan nan ba lalle ne sun yi ƙarya ba. Wataƙila Alabama ta fi ƙarfi a ranar. Amma me za a gaya wa sauran yaran da suka yi gumi suka ci kowane wasa? Kofi ba a ba da shi don abin da ake tsammani za ka yi, sai don abin da ka yi. Ban da wannan kuma, dattijo mutum ne. In hedimastan Daudawa yana cikin masu zaɓe, ya zaɓi makarantar Faskari, ko da gaskiya ce tsantsa ya bi, mutanen 'Yargoje ba za su yarda ba.

Ido kuma yakan yi kuskure. A farkon 2024 Kwaddebuwa ta karɓi baƙuncin gasar kofin Afirka. Ikwatoriyal Gini ta zura mata huɗu ba ko ɗaya a gaban jama'arta, ta zo ta uku a rukuninta, har aka sallami mai horar da ita. Da kwamiti ne zai zaɓa a ranar nan, da ba wanda zai ɗaga mata hannu. Amma doka ta ce ƙasashe huɗu mafiya maki cikin waɗanda suka zo na uku za su wuce, ita kuwa da ƙyar ta shiga cikinsu. Ranar 11 ga Fabrairu ta ci Nijeriya biyu da ɗaya a Abijan, ta ɗauki kofi. Abin ya yi mana zafi, amma Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Saboda haka, a ganina, kujera ta huɗu a fili ya kamata a neme ta. A tara na biyun nan su uku a garin da ba na kowa ba, kamar Funtuwa, kowace ta kara da sauran biyu. Wasa uku ne kawai. Wadda ta fito, ba mai bakin magana. In kuɗin mota ya gagara, ko hanya ba ta biyuwa, sai a koma ga raba maki da yawan wasa. In an yi daidai a dubi ƙwallaye, sa'an nan ladabi a fili, ƙuri'a kuwa ta zama ta ƙarshe.

Sharaɗi guda ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ba a buga wasan farko ba, malaman wasanni na makarantu goma sha biyar ɗin nan su zauna su rubuta dokar, kowa ya sa hannu, a karanta wa yara a gaban aji. A ranar nan ba wanda ya san wa zai zo na biyu, don haka kowa zai nemi dokar da ba ta cuci kowa ba. In aka bari sai maki ya fito, malamin Ƙanƙara zai ce a bi jimla, na Sabuwa ya ce a raba, ko da za a kwana ana magana ba za su daidaita ba.

Tambayoyi

1. In makarantu takwas za su yi wasan kowa ya kara da kowa, wasa nawa za a yi? In sili ɗaya ƙwale ne fa?

2. Wata ƙungiya ta sami maki 12 a wasa shida, wata maki 9 a wasa huɗu. Wace ce gaba in an bi jimla? Wace ce gaba in an raba?

3. Me ya fitar da Sanagal daga gasar 2018?

4. A ce kai ne shugaban 'yan wasan makarantar Ƙanƙara mai maki 10. Rubuta wa malamin wasanni wasiƙa, ka faɗi hanyar da kake so a bi baɗi, da dalilinka.