Masu Tafi Da Masu Jifa

Karatu: Ayyukan Manzanni 14:8-20

Wata yarinya cikin matasan ikkilisiyarmu a nan Tamale ta kawo mini wani littafin Turanci, ta ce, "Baba Fasto, ka karanta, ina da magana bayan ka gama." Sunan littafin The Hunger Games. Wata Ba'amurkiya, Suzanne Collins, ta rubuta shi domin matasa, ya fito a 2008, aka kuma mai da shi fim a 2012. Marubuciyar ta ce wani dare tana sauya tashoshin talabijin, nan ga matasa suna gasa don neman kyauta, can ga hotunan yaƙin Iraƙi, sai abubuwan biyu suka cakuɗe mata a ido. Daga nan labarin ya samo asali.

A cikin labarin, kowace shekara ana ɗebo yara 24 daga gundumomi 12, masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su a fili su kashe juna, mutanen babban birni kuwa suna kallo a talabijin. Katniss, 'yar shekara 16, ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta. Kafin a kai ta filin sai da aka yi mata kwalliya, aka koya mata murmushi, domin wanda masu kallo suka so shi ake aika wa abinci da magani. Ta tsira da ranta. Amma ta koma gida da mugayen mafarkai, tilas kuma ta ci gaba da nuna soyayyar da ta fara nunawa don kyamara.

Na ce a raina, ai wannan tatsuniyar Turawa ce. Da na mayar da littafin sai yarinyar ta faɗi maganarta: tana so ta je gwajin shiga Ghana's Most Beautiful, gasar da tashar TV3 take yi tun 2007, inda kowane yanki yake da wakiliya, jama'a kuma suna zaɓe ta wayar hannu. A 2022 wakiliyar Yankin Arewa ce ta ci, garin nan ya cika da murna. Ba a kashe kowa a wannan gasa, tana kuma ɗaukaka al'adunmu. Ban ce mata zunubi ne ba, gama ban ga inda aka rubuta haka ba. Na dai buɗe mata labarin Listira.

Bulus ya warkar da gurgu wanda bai taɓa tafiya ba tun haihuwarsa. Nan da nan taron ya ce alloli sun sauko, suka kira Barnaba Zafsa, Bulus kuma Hamisa. Firist ya kawo bijimai da furanni zai yi musu hadaya. Manzannin suka kyakketa tufafinsu, suka kutsa cikin taron suna cewa su ma 'yan adam ne. Duba aya ta 19, ya mai karatu. Waɗansu suka zo daga Antakiya da Ikoniya suka zuga jama'a, aka jejjefi Bulus, aka ja shi bayan gari ana tsammani ya mutu. Garin bai sake ba, mutanen ma su ne. Ba Bulus suka ƙaunata ba, abin kallo suka samu, da abin ya gundure su suka nemi wani.

A nan littafin ya soke ni, ni da nake wa'azi. Ni ba Katniss ba ne, ina cikin masu kallo. Sau nawa muka zauna a tsakar gida muna dariyar yarinyar da ta yi tuntuɓen harshe a gaban alƙalai, muka kuma tura hotonta a WhatsApp? 'Yar wani ce. Washegari za ta bi ta kasuwar Aboabo kowa yana nuna ta da baki.

Aya ta 20 ta ce almajirai suka kewaye Bulus inda yake kwance, ya tashi ya koma cikin garin. Ba a faɗi yawansu ba, ba a ambaci sunan ko ɗaya a wurin ba. Na tambayi yarinyar, "'Yata, ran da aka fitar da ke, ko ran da kika ci aka fara neman laifinki, su wa za su kewaye ki? Rubuto mini sunayensu." Ta rubuto uku: mahaifiyarta, yayarta, da wata malamar makarantar Lahadi. Na ce ta je ta gaya wa ukun nan nufinta kafin ta cika takarda. Ta gaya wa biyu. Mahaifiyar ce har yanzu take jin nauyin tunkara.