Abin da Ya Wajaba ga Mai-Bi Game da Tsohon Gidansa

Kadan kana da tsoho a gida wanda hawan jini ko ciwon sukari ya daɗe yana cinsa, ka lura da zuciyarsa kamar yadda ka ke lura da jikinsa. A ƙauyukan Ikara, da Makarfi, da Kudan, sa'anda lokacin saran rake ya yi, gida ya kan watse zuwa gona da kasuwa, a bar Baba shi kaɗai a zaure tun safe har almuru. Ya daina cin tuwo, barci ya ƙi, hira ta fita ransa. Mutane su ce, ai tsufa ne. Ba kullum ba.

Abu biyu ne, kada ka gama su. Na fari baƙin ciki mai-nauyi, wanda likitoci su ke kira ciwon damuwa. Kadan ya wuce mako 2 bai sake shi ba, cuta ce, tana kuwa da magani. Har mantuwa ta kan kawo, in an warke hankali ya komo. Na biyu gigin tsufa. Hawan jini da sukari su kan ɓata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa, sannu sannu tsoho ya manta hanyar gidansa, ya kira jikarsa da sunan uwarsa. Wannan ba ya warkewa sarai, amma shan maganin hawan jini kullum yana rage ɓarna. Ruɗewar da ta faɗo farat ɗaya kuwa, a kai shi asibiti ran nan, ko Wusasa ko Shika, gama zazzaɓi ko faɗuwar sukari ya kan jawo ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bakin mutane. Tsohuwa ta fita da dare tana sambatu, sai a ce mayya ce. Kai da ka karɓi baftisma, kada bakinka ya shiga wannan. Kada kuma ka ce wa mai-baƙin ciki bangaskiyarsa ta gaza. Ka karanta 1 Sarakuna sura 19: annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, Ubangiji bai tsauta masa ba, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi tukuna.

Saboda haka ka zauna wurinsa da maraice, ku yi addu'a gajeruwa. Kadan ya maimaita tambaya sau biyar, ka amsa sau biyar. Ka riƙe maganinsa a hannunka, ka ba shi da kanka. In ya ce gara ya mutu, kada ka bar shi shi kaɗai. Ka gaya wa likita da fasto.