Kwamfutar Makaranta Amana Ce: Jan Hankali ga Ɗaliban Rano da Kibiya

Gabatarwa

An rubuta wannan takarda domin samari da 'yan matan ƙasar Rano da Kibiya waɗanda Allah Ya nufa da shiga manyan makarantu, da kuma iyayen da ke sayar da hatsi da dabbobi don biyan kuɗin karatunsu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir, ta koma kwamfuta ɗungurungum. Saboda haka yaron da ya fito daga Rurum ko Tarai ba zai taka ƙofar jami'a ba sai ya zauna gaban na'ura. In ya sami gurbi a Jami'ar Bayero ta Kano, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil wadda ta soma aiki a 2001, ake kiranta Jami'ar Aliko Ɗangote a yau, zai tarar rajista da biyan kuɗi da duba sakamako duk ta intanet ake yinsu. Yawancin yaranmu sun iya danne-danne. Abin da ya rage su sani shi ne ladabin aiki da kayan, domin kayan amana ne.

Kayan na jama'a ne

Kwamfutocin ɗakin karatu da intanet ɗin da makaranta ke rabawa, da kuɗin jama'a aka saye su, domin karatu da bincike. Ƙarfin intanet kuwa yana da iyaka. Duk wanda ya san noman rani a Bunkure da Kura ya san yadda ruwan madatsar Tiga ke bin magudana: in na sama ya datse ya cika fadamarsa fiye da kima, tumatirin na ƙasa ne ke bushewa. To, haka ɗalibin da ya kwana yana sauke finafinai da intanet ɗin makaranta yake tauye ɗan'uwansa mai neman littafi guda don jarrabawar gobe. Wanda kuma ya soka filashi mai ɗauke da cuta a kwamfutar ɗakin karatu, ko ya zare waya ya tafi da ita, ya cuci duk mai zuwa bayansa.

Lambar sirri

Ga abin da ake gani kullum lokacin rajista. Yaro ya shiga shagon intanet, layi ya yi tsawo, sai ya rubuta lambar shigarsa da lambar sirrinsa a gutsuren takarda ya miƙa wa mai shago, ya ce, "Yallaɓai, a taimaka a yi mini, zan dawo bayan la'asar." Mai shago ya cika fom, wurin lambar waya ya sa tasa don sauri, takardar kuma ta kwana a kan tebur inda kowa ke gani. Daga ranar duk saƙon da makaranta ta aiko, wayar wani yake shiga. Duk abin da aka aikata da wannan lambar kuwa, sunan yaron na'ura za ta rubuta, ba ta san hannun da ya danna ba.

Don haka ka kiyaye abu uku. Na ɗaya, kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko abokin ɗaki ne, ko wadda za ka aura. Na biyu, kada ka yi ta da shekarar haihuwarka ko lambar wayarka. Na uku, in ka gama aiki a kwamfutar da ba taka ba, ka fita daga shafinka kafin ka tashi. In wani saƙo ya zo yana cewa ka ci tallafin karatu, ka aiko lambar katin banki, ka sani 'yan damfara ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kutse ba gwaninta ba ne

Akwai ɗalibai masu kaifin basira da ke ganin shiga inda ba a ba su izini ba burgewa ne. Su saurari wannan labari. Ranar 2 ga Nuwamba 1988, wani ɗalibin Jami'ar Cornell ta Amurka mai suna Robert Morris ya saki wata manhaja da ya ƙera, mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ya ce bai yi nufin ɓarna ba, amma abin ya ƙwace masa, dubban kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike suka tsaya cik. Kotu ta same shi da laifi, ta ci shi tarar fiye da dala 10,000, ta ɗora masa aikin bauta wa jama'a na awa 400. Kyakkyawar niyya ba ta fisshe shi ba.

A nan Nijeriya akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ta haramta kutse, da sojan gona da sunan wani, da damfara ta na'ura, hukuncinsu kuwa ɗauri ne ko tara ko duka biyu. Mai shiga shafin malami don sauya maki, da mai biyan kuɗi a sauya masa, dukansu sun sayi kora da kuɗinsu.

Satar aikin wani

Kwafo rubutun wani daga intanet ka liƙa sunanka sata ce, ko da mai shi yana Indiya bai san kana duniya ba. In ka ɗauko magana, ka faɗi mai ita da inda ka samo ta. Haka nan sayen kundin kammala karatu da aka riga aka rubuta, da sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi maka aikin da malami ya ce ka yi da kanka. Ka tambayi malaminka iyakar abin da ya halatta. Wanda ya sami takardar shaida ta wannan hanya, gobe shi za a damƙa wa asibitin garinmu ko aikin gadar da iyayensa za su hau.

Mutuncin mutane

Abin da ba za ka iya faɗa a ƙofar fada gaban dattawa ba, kada ka rubuta shi a Facebook ko a zauren WhatsApp na aji. Ɗaukar hoton ɗaliba ba da saninta ba, da yaɗa jita-jitar da ke tada husuma tsakanin addinai ko ƙabilu, da tona asirin wani, duk zalunci ne. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi muni, don ko ka goge, wani ya riga ya adana. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan ma'aikatan makaranta su ma: sakamakon ɗalibi da bayanin lafiyarsa ba abin rabawa ba ne.

Kammalawa

Wajibin hukumomin makarantu ne su rubuta ƙa'idojin nan a sarari, su bayyana wa sababbin ɗalibai tun makon farko, da Turanci da Hausa, kafin a kai ga hukunta kowa. Iyaye kuma, in yaro ya dawo hutu da babbar waya da kuɗin da ba ku san tushensu ba, ku tambaya. Malaman sakandare da limamai su riƙa tunatarwa. Kai kuma ɗalibi, da sunan gidanku da na garinku ka tafi, ka dawo da su ba tabo. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu fita haƙƙin amana. Amin.