Baƙin Hayaƙin Injin Gas: Daga Kan Fistin Yake Farawa

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Malumfashi lokacin kaka, ko ya bi bayan tirelar masara a hanyar Funtuwa, ya san baƙin hayaƙin nan mai turnuƙe wuri. Yawanci salansa ake ɗora wa laifi, ko a ce mai ne mara kyau. Alhali kafin hayaƙin ya iso salansa an riga an gama magana a wani ɗan wuri da bai wuce cikin kofin shayi ba, wato ɗakin ƙonewa, tsakanin kan fistin da murfin silinda.

Injin gas ba ya aiki da tartsatsin fulogi kamar na fetur. Iska zalla fistin ke matsewa, ninki 15 zuwa 22, har zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. Kafin ƙiftawar ido dole kowane ɗigon mai ya gamu da iskar da za ta ƙone shi. Wanda bai samu ba shi ne ke zama kunkunniya, baƙin da ake gani.

To me zai hana a sa wutar ta ci sosai? Nan gizo ke saƙar. Idan zafi ya yi yawa, sai iskar naitirojin ta haɗe da oksijin, a samu gubar da ake kira NOx, mai illa ga huhu, wadda sau da yawa ido ba ya gani. A rage ɗaya, ɗayar ta ƙaru. A kan NOx ɗin ne asirin Volkswagen ya tonu a 2015.

Tsofaffin injina suna da ɗan ƙaramin ɗaki a cikin murfin silinda, inda iska ke juyawa kamar guguwa kafin a fesa mai. Wanda Harry Ricardo na Ingila ya fito da shi a 1931, mai suna Comet, shi ya fi shahara. Irin wannan yana cakuɗa mai da iska ko da nozul mai huda ɗaya ne, kuma NOx ɗinsa da sauƙi. Sai dai bangon ɗakin yana shanye zafi, don haka ya fi shan mai, kuma da sanyin hunturu sai an sha fama kafin ya tashi.

Manyan motoci da taraktocin yanzu kai tsaye suke fesa mai cikin wani rami da aka fafe a kan fistin. Bakin ramin a tsuke yake, tsakiyarsa da ɗan tudu, domin feshin ya bugi gefe ya naɗo ya sake haɗuwa da iska. An auna zurfin ramin daidai da kusurwar hudojin nozul, tare aka ƙera su.

Shi ya sa idan aka sauke inji aka sa fistin ko nozul na wani samfuri don kawai ya shiga, feshin sai ya sauka a gefen ramin ko jikin silinda. Inji zai tashi, amma da hayaƙi da shan mai. Haka ma idan ƙaiƙayi da ƙurar gari suka toshe matatar iska, abin da ba ya wuya a shagon niƙa.

Mai niƙa kuwa a ɗaki yake wuni da injin. Tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu.