Fetur mai itanol da injin da ke kwana a ɗaki

Ɗana, na san ka sha jin maganar fetur ɗin da ake gauraya shi da itanol. Wani ya ce yana cinye inji, wani ya ce ba ya komai. Kowannensu ya kama wani gefe ne na gaskiya. Zauna mu bi abin a hankali.

Itanol daga rake ake samo shi, ko masara, ko rogo. A Amurka kusan duk fetur ɗin da ake sayarwa yana da kashi 10 cikin 100 na itanol, ana kiransa E10, kuma motoci na ta tafiya a kansa shekara da shekaru. Burazil ta fi kowa nisa. Tun 1975 suka rungumi itanol na rake, fetur ɗinsu kuwa ya wuce kashi 25, amma da wannan lissafin ake ƙera motocinsu. Nan gida ma, tun 2007 gwamnatin Najeriya ta fitar da manufar gauraya kashi 10.

Motarka da ke fita kullum, in ba tsohuwa ce tukuf ba, kada ka damu da E10. Iyaka za ka ga mai ya ɗan fi saurin ƙarewa, kamar kashi 3 cikin 100, domin itanol bai kai fetur ƙarfi ba.

Inda nake so ka sa ido shi ne ƙananan injuna. Janareta, injin ban ruwa na noman rani, injin feshi, da babur ɗin da ake jingine shi makonni. Itanol yana son ruwa, yana tsotsar laima daga iska, musamman da damina. In mai ya daɗe a tanki, ruwan da itanol su haɗu su kwanta a ƙasa, fetur ya hau sama, kamar yadda mai ke tasowa kan miyar da ta huce. Ƙasan tankin nan kuwa shi ne inji ke fara zuƙa. Sai tsatsa ta kama tanki, kabureta ta toshe, tsofaffin robobi da tiyo su yi laushi ko su tsage. Injin da ake zuba masa man inji a cikin fetur ya fi shan wuya, don wannan ruwan na ƙasa ba ya ɗauke da man da zai sa cikinsa ya yi santsi. Ka ga dalilin da ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da E15, wato fetur mai kashi 15 na itanol, ga motocin da aka ƙera daga 2001 zuwa sama kawai, ta hana shi ga babura da ƙananan injuna.

Kada ka haɗa wannan da abin da ya faru a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai mitanol fiye da kima, motoci suka lalace, layi ya cika gidajen mai. Mitanol daban ne, kuma ya fi cin ƙarfe da roba. Ruwa ba ya tsami banza, mutane sun tsorata da dalili.

Ba na zargin ɗan bumburutu, shi ma neman abinci yake. Sai dai man da ya kwana a galan a rana, baki a buɗe, ba ka san ruwan da ya sha ba. Saya daidai abin da za ka ƙone cikin wata guda, ka rufe jarka da kyau, ka duba littafin inji ka ga kashi nawa ya halatta.

Ranar da ka gama ban ruwa za ka ajiye inji, rufe famfon mai, ka bar shi ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, sannan ka juye abin da ya rage a tanki. Allah ya yi maka albarka.